NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Mutum takwas ne suka aza tubalinta, cikinsu har da Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Dambatta, Mudi Sipikin da Maitama Sule, wanda daga baya ya koma NPC. Malam Aminu Kano, da sunansa ya zama ɗaya da na jam'iyyar, ba ya cikin waɗannan takwas: a lokacin yana koyarwa a Maru. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aiki ya dawo Kano, a 1953 kuma aka zaɓe shi shugaba. A fagen tunani, shi da abokan tafiyarsa sun sha daga rijiyar Malam Sa'adu Zungur.

Da fari 'yan NEPU na cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, amma zafin ra'ayinsu bai yi wa masu sarauta daɗi ba, aka rabu. Takardar manufofinta, Sanarwar Sawaba, ta bayyana cewa akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Wannan shi ne abin da ya bambanta ta da sauran jam'iyyun neman 'yancin kai. A ganinta, tafiyar Bature ba ta isa ba muddin aikin tilas, zaluncin masu karɓar haraji da jangali, da kotun da sarki ke juyawa suna nan daram. Shi ya sa ta samu gindin zama wajen teloli, mahauta, 'yan koli, fatake da malaman zaure.

Zaɓen 1951 ya nuna irin katangar da ke gabanta. Zaɓe ne hawa-hawa. NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a Kano, amma a matakin ƙarshe doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen cikin masu zaɓe, jam'iyyar ta tashi babu kujera ko ɗaya. Abin da ya biyo baya ya fi haka muni. 'Yan doka, alƙalai da gidajen yari duk a hannun En'e suke. Ana hana izinin lacca, ana ɗaure ɗan NEPU bisa tuhumar zagin sarki, ga 'Yan Mahaukata masu far wa magoya bayanta. Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan jam'iyyar daga Zariya, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, tana neman wa matan Arewa ƙuri'ar da ba su jefa a babban zaɓe ba sai 1979.

Ƙawancenta da NCNC ta Dokta Azikiwe, daga 1954, ya kawo mata tallafi, ya kuma ba abokan hamayya makamin cewa 'yar amshin shatan Kudu ce. A zaɓen tarayya na 1959 ta samu kujeru 8, NPC 134. Malam Aminu ya ci mazaɓar Kano ta Gabas, amma sai NCNC ta kafa gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, NEPU ta wayi gari tana ɓangaren gwamnati a Legas alhali ana tsare 'ya'yanta a gida. NEPU ta haɗa kai da jam'iyyar UMBC, suka shiga gamayyar UPGA a zaɓen 1964, inda shi kansa Malam ya rasa kujerarsa. Sojoji sun rushe dukkan jam'iyyu a 1966.

NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba, amma yawancin buƙatunta sun tabbata bayanta: mulkin soja ya karɓe kotuna, 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Magajiyarta PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali.