Girgizar Ƙasa da Siyasar Haƙar Iskar Gas a Ingila, 2011–2022

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta waiwayi taƙaddamar da aka yi a Ingila a kan wata dabarar haƙar iskar gas, wadda a nan za a kira ta "tsaga dutse". Akan haƙa rijiya mai zurfi, a ɗura mata ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfin gaske, har dutsen ƙarƙashin ƙasa ya tsattsage, gas ɗin da ke maƙale cikinsa ya fito. Amurka ta ci gajiyar dabarar, Faransa kuwa ta haramta ta a 2011.

2.0 Daga Lancashire Zuwa Majalisa

A Afrilu da Mayu na 2011, aikin kamfanin Cuadrilla kusa da Blackpool, a gundumar Lancashire, ya haddasa girgizar ƙasa sau biyu, babbar ta kai maki 2.3. Aka dakatar da aikin. Da gwamnati ta yarda a ci gaba a Disamba 2012, sai ta gindaya sharaɗin cewa duk girgizar da ta kai maki 0.5, a tsaya. Mutum ba ya ma jin motsi irin wannan, amma shi ya zame wa kamfanin ƙarfen ƙafa.

Masu adawa sun fi kokawa da gurɓatar ruwan sha da ɗumamar yanayi, sai dai, a ganina, ba kukansu ne ya raba gardama ba. Majalisar gundumar ta hana izini a 2015, minista Sajid Javid ya soke hukuncinta a 2016. Da aka soma aiki a Preston New Road a Oktoba 2018, sau da dama ƙasa ta motsa aka tsaya. Ranar 26 ga Agusta 2019 aka yi girgiza mai maki 2.9 wadda ta kaɗa gidaje. A Nuwamba, zaɓe na ƙaratowa, gwamnatin Boris Johnson ta dakatar da dabarar.

Yaƙin Rasha da Yukren ya tsawwala farashin gas, don haka Liz Truss ta ɗage takunkumin a Satumba 2022. Ranar 19 ga Oktoba jam'iyyar Leba ta kai batun majalisa. Gwamnati ta yi rinjaye, amma kan 'yan jam'iyyarta ya rabu, zaman ya yamutse. Kashegari Truss, wadda da ma kujerarta ke rawa, ta sanar da murabus. Ranar 26 ga Oktoba magajinta, Rishi Sunak, ya mayar da takunkumin.