Daga Sakata zuwa Rimot: Tarihin Kulle Akori-Kura a Ƙasar Rogo da Karaye

Al'adar kulle a ƙasar Kano ta fi tsufa a ƙofar gari fiye da ƙofar ɗaki, domin garuruwa masu ganuwa irin su Kano da Karaye sun dogara ne ga rufe ƙofofinsu da dare a hannun sarkin ƙofa, wato mutumin da aka ɗora wa alhakin sanin wanda ya shiga da wanda ya fita, kuma har yau ana iya ganin wasu daga cikin tsofaffin ƙyauren ƙofofin birnin Kano a Gidan Makama. A cikin gidaje kuwa, ɗakuna da yawa ba su da abin da ya wuce asabari ko tufaniya, wadda ake saƙawa da ciyawa ko kara, inda kuma aka sami ƙyauren katako, sakata ce ke riƙe shi, ita kuwa sakata daga ciki ake zura ta, saboda haka ba ta aiki sai da mutum a ɗakin. Abin da ke tsare dukiya a wancan zamani shi ne idon jama'a: dattijon da ke zaune a zaure, da matan da ba sa barin tsakar gida, da maƙwabcin da ya san kowace baƙuwar fuska.

Maƙera sun daɗe suna ƙera kwaɗo da makulli, amma yaɗuwarsu a hannun talakawa ta biyo bayan zuwan Turawa Kano a 1903 da isowar jirgin ƙasa a 1911, lokacin da cinikin gyaɗa ya sa kuɗi a hannun manoma, kantunan kamfanoni kuma suka cika da kwaɗon Ingila, kafin daga baya na Sin ya mamaye kasuwa saboda araha. Kwaɗo ya ba mutum damar kulle ɗaki daga waje ya yi tafiyarsa, sai dai bai kori amana daga sha'anin ba, ya mayar da ita ne kan wanda ke riƙe da makullin. Uwargida da ke ɗaure makullin ɗakin hatsi a bakin zanenta, da yaron kanti da maigidansa ya miƙa wa makullin shago bayan shekaru yana gwada shi, duk sun san cewa matsayi aka ba su, kuma ranar da aka ce a dawo da makullin, an gama magana.

Da wannan fahimta mota ta sami mutanen Rogo Ruma, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rogo, wadda ke iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, kuma Rogo da Karaye ne suka haɗu a masarautar Karaye bisa tsarin da gwamnatin Kano ta yi a 2024. Ƙasa ce ta masara da dawa da rake, noman rani kuma ya ƙaru a yankin bayan kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992, don haka bukatar fitar da amfanin gona ta fi ƙarfin jaki da amalanke. Motar da ta amsa wannan bukata ita ce akori-kura, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya mai gidan direba a gaba da buɗaɗɗen baya, musamman Peugeot 404 da 504, waɗanda suka yawaita bayan buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Kulle irin wannan mota aikin hannu ne: direba ya murza gilashi ya ɗaga, ya miƙa hannu ya danna maɓallin ƙofar fasinja, ya fito ya juya makulli a tasa, sannan ya ja marikin don ya tabbatar. Da motocin suka tsufa a kan hanyoyin burji, makullansu suka suɗe har na wata motar kan buɗe wata, wasu ƙofofin kuma suka koma ɗauri da waya, amma hakan bai tayar wa kowa hankali ba, tunda karen mota, wato yaron da ke taimaka wa direba da lodi da ɗauri, a cikinta yake kwana.

A can Turai kuwa wani sauyi ya riga ya kankama. A 1982 kamfanin Renault na Faransa ya fitar da motar Fuego da ɗan abin hannu mai kulle ƙofofi daga nesa, wanda ke aiki da wani haske da ido ba ya gani, har sai an auna motar da shi kafin ta amsa. Daga baya aka koma amfani da igiyar rediyo, aka kuma ƙirƙiro lambar sirri mai sauyawa a duk dannawa, domin kada ɓarawo ya naɗi saƙon ya maimaita shi. A 1998 Jamus da Birtaniya suka wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke hana inji tashi idan bai gane ƙwayar lantarkin da ke cikin makulli ba, a ƙarshen shekarun 1990 ɗin kuma Mercedes ya zo da tsarin da mota ke jin makulli yana aljihu, ta buɗe da an taɓa mariƙi, ta tashi da an danna maɓalli. Waɗannan abubuwa sun iso ƙasar Rogo ne a jikin Toyota Hilux da makamantanta, da farko a hannun hukumomi da 'yan kwangila da 'yan siyasa, daga baya a hannun manyan manoma da 'yan kasuwar hatsi da suka saye su kwance, sau da yawa da makulli guda ɗaya tak.

A nan ne tsohuwar ɗabi'a da sabuwar na'ura suka fara karo. Direban da ya tashi da 504 bai yarda da walƙiyar sigina da ɗan kukan da mota ke yi ba, sai ya ja mariƙi bayan ya danna rimot, kuma yana da gaskiya, domin akwai na'urorin da ɓarayi ke toshe saƙon rimot da su a wuraren cunkoso, mai mota ya tafi yana zaton ya kulle. Amma a motar da ke jin makulli daga aljihu, jan mariƙin direba na iya sake buɗe ƙofar da aka kulle yanzun nan, don haka waɗanda suka gane suka koma gwada ƙofar baya, wadda galibi ba ta da wannan na'urar ji. Sun kuma koyi cewa idan aka buɗe da rimot ba a taɓa ƙofa ba, motar kan sake kulle kanta cikin rabin minti ko minti ɗaya, kuma ɗan batir mai kama da kwabo da ke cikin rimot yakan mutu ba sallama, sai a zaro ƙaramin makullin ƙarfe da ke ɓoye a jikinsa a buɗe ƙofa, a kara rimot ɗin a kan maɓallin tayar da inji.

Matsalar da ta fi bayyana yadda ake rabon iko a kan mota ita ce ta maigida da direba. A da, makulli yana maƙale a jikin mota muddin tana tafiya, saboda haka wanda ke kan sitiyari shi ke da shi. Yanzu maigida na iya zama a gefe da makulli a aljihun babbar rigarsa, ya sauka a bakin masallaci ko gidan gaisuwa, direba ya wuce gona da injin yana aiki, motar tana ɗan kukan gargaɗi da ba kowa ke kula da shi ba, sai ya kashe ta a bakin gonar rake sannan ta ƙi tashi, a nemi ɗan acaba ya koma gari ya karɓo makulli. Wannan ne ya sa miƙa makulli hannu da hannu, wanda na'urar ta zo don ta rage, ya dawo da ƙarfinsa a tsakanin masu mota da direbobinsu.

Ɓatan makulli ma ya sauya nauyi. Na 504 kowane mai yankan makulli zai goga wani a kan tebur kafin a gama shan shayi, na Hilux ta zamani kuwa sai an je Kano, wajen kasuwar Ƙofar Ruwa ko wani garejin da ke da kwamfutar da za ta sada sabon makulli da ƙwaƙwalwar motar, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Saboda haka makulli na biyu, idan akwai shi, ba ya yawo, yana cikin adaka ko a hannun uwargida tare da takardun gona. Da yawa kuma ba su tsaya ga lantarki ba, sun sa mai walda ya yi musu ƙarfen da ke kama sitiyari ko birki da kwaɗo, ko mai gyaran wayar mota ya ɓoye musu maɓallin yanke mai a inda su kaɗai suka sani, matakin da ya fi dacewa da karkara, inda na'urar bin sawun mota ke dogara da sabis ɗin waya da ba ko'ina yake da ƙarfi ba.

Duk wannan hidima gidan direba kaɗai ta shafa. Bayan akori-kura, inda buhunan masara da takin zamani da injin ban ruwa suke, a buɗe yake kamar yadda yake tun zamanin 404, ba abin da ke kansa sai tampol da igiya. A ranar kasuwa direba yakan danna rimot ya shiga cikin rumfuna, karen mota ya hau kan kaya ya zauna har ya dawo, kuɗin abincin yaron kuma yana cikin lissafin kuɗin dako.