Injin yankan ciyawa da ake bi da ƙafa

Injin yankan ciyawa da ake bi da ƙafa na'ura ce ta daidaita tsawon ciyawar ado, wadda mai aiki ke riƙe hannunta yana tafiya a bayanta maimakon ya zauna a kanta. Akwai na gida, akwai kuma na sana'a, wato wanda aka ƙera domin masu kula da ciyawar gidaje, makarantu, otal-otal da filayen wasa a kan kuɗi. Na gida yakan yi aiki sau ɗaya a mako, na sana'a kuwa yakan wuni yana aiki kusan kullum a lokacin da ciyawa ke tsiro. Saboda haka ake yin sa da ƙarfe mai kauri da inji mai juriya. An fi amfani da shi a Amurka da Kanada, inda kula da ciyawar gidaje ta zama babbar sana'a.

Tarihi

Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Edwin Beard Budding ne ya ƙirƙiro injin yankan ciyawa na farko a shekarar 1830, kusa da garin Stroud. Ya samo dabarar ne daga injin da masaƙu ke amfani da shi wajen aske gashin yadi. A 1832 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya fara ƙera shi, kuma a 1902 ya fitar da mai amfani da fetur. Waɗannan injuna na farko suna yanka ne da wuƙaƙe masu naɗewa kamar ganga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai irin mai wuƙa kwance, wadda ke juyawa kamar fanka, ya yaɗu. Misalinsa shi ne Victa, wanda Mervyn Victor Richardson ya ƙera a Ostareliya a 1952. Yawancin injunan sana'a na yau wannan tsarin suke bi.

Daga cikin kamfanonin Amurka da suka shahara a wannan fanni akwai Toro, wanda aka kafa a 1914 a jihar Minnesota, da Exmark na jihar Nebraska, wanda Toro ya saya a 1997, da Scag na jihar Wisconsin. Galibi ba su ne ke ƙera injin da ke ba na'urar ƙarfi ba; sukan saye shi daga kamfanoni irin su Kawasaki, Kohler da Briggs & Stratton.

Faɗin yanka

Ɓangaren da ke rufe wuƙaƙe, mai kama da kasko a kife, shi ne ma'aunin girman injin. Ƙarami yana da faɗin inci 21, wato kimanin santimita 53, da wuƙa ɗaya. Matsakaita da manya suna zuwa da faɗin inci 32, 36, 48, 52 ko 60, da wuƙa biyu ko uku.

Faɗi da sauri su ne ke nuna yawan aikin da za a yi. Injin inci 36 mai tafiyar kilomita 6 a awa ɗaya zai share kusan murabba'in mita 5,500 bisa lissafi, na inci 48 kuma kusan 7,300. A zahiri aikin bai kai haka ba, domin juyawa da kauce wa bishiyoyi suna cin lokaci. Sai dai babba ba kullum ya fi ba. Bayan gidaje da yawa a kewaye yake da shinge mai ƙaramar ƙofa, kuma injin da bai shiga ƙofar ba ba shi da amfani a wurin. Wannan ne ya sa masu sana'ar kan auna ƙofofin abokan cinikinsu da faɗin tirelar da za ta ɗauki injin kafin su saya. Shi ma ya sa injunan inci 32 da 36 ke da farin jini a unguwannin zama.

Yadda ake ƙera kasko

Kasko iri biyu ne. Akwai wanda aka buga daga falle ɗaya na ƙarfe, wanda ba shi da nauyi kuma ya fi araha. Akwai kuma wanda aka haɗa da walda daga ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 5, wanda ya fi jure karo da dutse ko bakin titi, kuma ana iya sake masa walda idan ya tsage.

Haka nan akwai kasko kafaffe, wanda ke manne da jikin injin, da kasko mai lilo, wanda ke rataye yana bin tudu da kwarin ƙasa. Kafaffe ba shi da yawan sassan da za su lalace, amma canza tsawon yanka a kansa yana ɗaukar lokaci. Mai lilo ya fi tsada, amma ba ya yawan ƙwaƙule ciyawa har ƙasa a wurin da bai daidaita ba.

Tsarin tafiya

Manyan injunan suna tuƙa kansu, mai aiki saita su kawai yake yi. Hanyoyin tura taya biyu ne. Ta farko ita ce ta bel da giya: tana da araha, makaniki ba ya shan wahalar gyaranta, amma bel yana sulɓi idan ciyawa ta jiƙe, kuma komawa baya yana da wuya. Ta biyu ita ce ta haidurolik, inda famfon mai ke juya kowace taya ita kaɗai. Wannan tana ba da damar ƙara sauri ko rage shi ba tare da canza giya ba, da yin ribas nan take, da juyawa a wuri ɗaya. Kuɗin sayenta da na gyaranta sun fi yawa, amma tana rage gajiya ga mai wuni a bakin aiki. A manyan filaye akan maƙala wa injin ɗan dandamali mai taya a baya domin mai aiki ya tsaya a kai.

Fetur da batir

Yawancin injunan sana'a na fetur ne, kuma masu ƙera su ba sa yarda a zuba musu man da sinadarin itanol ɗinsa ya wuce kashi 10 cikin 100. Masu batir ba su da hayaƙi kuma ƙararsu kaɗan ce, amma wuni guda na aiki yana buƙatar batura da yawa ko wurin caji. A 2021 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta nufi hana sayar da sababbin ƙananan injunan fetur irin waɗannan daga samfurin 2024, abin da ya ƙara tura kamfanoni zuwa ga masu batir.

Kuɗi da kulawa

Farashin saye ɓangare ɗaya ne kawai na abin da inji zai ci. Ga mai sana'a, ranar da inji ya kwanta rana ce ta asarar ciniki, kuma abokin cinikin da aka bar masa ciyawa ta yi tsawo yana iya komawa wurin wani. Don haka kusancin dila mai kayan gyara da makaniki yakan fi sunan kamfani ko yawan ƙarfin doki muhimmanci. Ana kuma duba sharuɗɗan garanti, domin na injin gida yakan gajarta ko ya faɗi idan aka yi sana'a da shi.

Kulawar yau da kullum ta haɗa da wasa wuƙa, canza baƙin mai, tsabtace matatar iska, sa giris a boris da kankare ciyawar da ta manne a ƙarƙashin kasko. Wuƙa mai dakushi yage ganye take yi maimakon yanka shi, sai bakinsa ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Masana ciyawa suna ba da shawarar kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda.

Kiyaye haɗari

Wuƙar injin tana iya cillo dutse ko ƙarfe da ƙarfi, kuma tana iya datse yatsa. Injunan zamani suna da mariƙi wanda ke tsayar da wuƙa ko kashe inji da zarar mai aiki ya sake shi, kuma ɗaure wannan mariƙi domin ya daina aiki haɗari ne babba. A kan gangare ana yanka ne a gicciye, ba hawa da sauka ba, domin kada mai aiki ya zame ƙafarsa ta shiga ƙarƙashin kasko. A irin wannan wuri injin da ake bi da ƙafa ya fi na zama aminci, tunda na zama yana iya kifewa da mai tuƙa shi. Ƙarar injin fetur takan wuce dasibel 85, matakin da ake buƙatar toshe kunne idan za a daɗe ana aiki. Ana kuma sa tabarau na kariya da takalmi mai tauri.