Ziyarar Birnin Ƙonni da kewayenta: abin da ya kamata baƙo ya sani

Birnin Ƙonni na cikin jihar Tawa, a bisa babbar hanyar RN1, kimanin kilomita 420 gabas da Yamai. Kilomita kaɗan ne tsakaninta da Illela ta jihar Sakkwato a Najeriya. Matafiya da yawa suna tsayawa ne kawai su ci abinci su wuce Maraɗi ko Tawa, alhali kuwa yankin ya isa a ba shi kwana biyu zuwa uku.

Tarihi a taƙaice

Ƙonni tsohon birni ne mai ganuwa, hedkwatar ƙasar Ƙonnawa. Ranar da ba a mantawa da ita a tarihinta ita ce 8 ga watan Mayu 1899, lokacin da ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya afka wa birnin, ya ƙone shi, ya kashe jama'a masu yawa. Makonni kaɗan kafin nan ayarin ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Yuli na wannan shekara sojojinsu da kansu suka kashe hafsoshin biyu a wajen Tasawa. Har yau dattawan gari suna ba da labarin yadda suka ji shi daga kakanninsu. Mai son ya saurara sai ya fara da gaisuwa a fadar Sarkin Ƙonni, a haɗa shi da wanda zai yi masa jagora.

Wuraren da za a gani

Kasuwar Ƙonni tana ci ranar Laraba. Ana ciniki da sefa da naira, kuma ƴan canji ba su da wuyar samu. A gefen gari akwai filin noman rani na sama da eka 2,000, wanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango na kwarin Maggiya.

Kusa da Ƙonni akwai ƙauyen Masalata, inda Azna ke yin arwa kowace shekara don duba yadda damina za ta kasance. Ba wasan kallo ba ne a wurin masu shi, don haka kada a ɗauki hoto sai da izini.

Gabas da Ƙonni, a gundumar Malbaza, akwai masana'antar siminti da ta samo asali tun shekarun 1960. Gaba kaɗan sai Galmi, garin da ya ba albasar nan ta Violet de Galmi suna, wadda ake loda wa manyan motoci zuwa Gana, Kwaddibuwa da Benin. Asibitin mishan na Galmi yana aiki tun 1950. A wannan yanki ne kuma ƙauyen Maratta yake, inda aka haifi Shehu Usman Ɗan Fodiyo a 1754.

Daga mararrabar Tsarnawa hanya na yin arewa zuwa Tawa. A Badagishiri ake ratsewa zuwa Illela ta Nijar, mazaunin Sarkin Adar. Sarautar ta samo asali ne daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, wanda ya ci ƙasar Adar a ƙarshen ƙarni na 17. Baƙo ya kula: Illela biyu ce, ta Adar da ta Najeriya, don haka ya faɗa wa ɗan kamasho wadda yake nufi tun a tasha.

Lokacin zuwa da shiri

Lokacin da ya fi daɗi shi ne na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ilin da garake ke kore. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Da damina hanyoyin ƙauyuka na laka suna wahalar da mota.

Manyan motocin sufuri da ke tashi daga Yamai zuwa Maraɗi, Damagaram ko Tawa duk suna bi ta Ƙonni. Cikin gari kabu-kabu ne abin hawa, kuma a yi ciniki kafin a hau. Akwai masaukan baƙi a gari.

A riƙe katin shaida ko fasfo, domin akwai shingayen jandarma da ƴan sanda a hanya. Mai niyyar tsallaka iyaka ya tambayi halin da ake ciki tukuna: an rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris 2024. Saboda matsalar tsaro a bakin iyaka, a guji tafiyar dare, kuma kada a shiga ƙauyukan da ke nesa da kwalta ba tare da shawarar hukuma ko ta ƴan gari ba. Baƙi ƴan ƙasashen waje su nemi bayani kan ƙa'idojin zirga-zirga tun daga Yamai.

Wanda zai koma gida kuma, kada ya manta da tsarabar albasar Galmi.