Kumburin jijiyar saman fata ga masu jinyar kansar ƙoda: Abin da ya kamata a sani

Kumburin jijiyar saman fata lalura ce da ke aukuwa idan jijiyar jini da ke kusa da fata ta harzuƙa, sau da yawa kuma gudan jini ya daskare a cikinta. Wurin yakan yi ja, ya ɗau zafi, a ji jijiyar ta yi tauri kamar igiya. Ga mai cikakkiyar lafiya takan lafa cikin 'yan makonni, amma ga mai jinyar kansar ƙoda ba abin rainawa ba ce.

Me ke haddasa ta?

Dalili na farko shi ne kansar kanta, domin tana sa jini saurin daskarewa. Tun a 1865 likitan Faransa, Armand Trousseau, ya bayyana alaƙar kumburin jijiya mai ƙaura daga wuri zuwa wuri da kansar da ke ɓoye a ciki. Kansar ƙoda kuma tana da halin tsirowa ta cikin jijiyar ƙodar, har ta kai ga babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

Na biyu shi ne allurar ƙarin ruwa da ke daɗewa a hannu. Magunguna irin su vincristine da doxorubicin, da ake yi wa yara masu kansar ƙoda ta Wilms, suna gallaza wa jijiya, idan kuma suka tsiyaye ƙarƙashin fata sai su ƙona nama. Doguwar kwanciya bayan tiyatar cire ƙoda ita ma tana ƙara haɗarin.

Ina hatsarin yake?

Gudan jinin na iya zarcewa zuwa jijiyoyin can cikin tsoka, musamman idan kumburin yana cinya kusa da matsematsi. Daga nan yana iya ɓallewa ya toshe jijiyar huhu, abin da kan yi kisa farat ɗaya. Shi ya sa likitoci kan nemi hoton sikanin na ƙafa kafin su yanke shawarar ba da maganin tsinka jini.

Kuskuren da za a guje wa

Magungunan kashe raɗaɗi irin su diclofenac da ibuprofen, da ake samu cikin sauƙi a kemis, su ne aka saba amfani da su ga wannan ciwo, amma suna iya raunana ƙoda, alhali majinyacin ƙila ɗaya ce ta rage masa. Haka nan kada a yi wa wurin tausa, ko ƙaho, ko sakiya. Gasawa da tsumma mai ɗumi da ɗaga gaɓar sama sukan rage ciwon, allurar da ke wurin kuwa ma'aikatan jinya za su cire ta.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Idan ƙafa ko hannu ya kumbura gaba ɗaya, ko aka ga mugunya, ko zafin jiki ya kai 38, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya yi ciwo, kada a jira ranar ganin likita. Mazauna Unguwar Rimi, Malali, Kawo da kewaye suna kusa da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Mai karɓar magani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kuwa, ya tafi asibiti mafi kusa riƙe da katinsa da sunayen magungunansa, sannan a sanar da likitansa.