Spa: Ƙaramin Garin Daji da Ya Ara wa Duniya Sunansa

Spa ƙaramin gari ne a gabashin ƙasar Beljiyam, cikin lardin Liège, yankin masu magana da Faransanci. Yana kwance a kwarin kogin Wayai, tsakanin tuddan Ardennes masu duhun itatuwa, kimanin kilomita 35 kudu maso gabas da birnin Liège. Mazaunansa ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba, amma daga sunansa ne aka samo kalmar "spa" da manyan otel-otel ke liƙa wa ɗakunansu na wanka da tausa.

Yanayin ƙasa

Arzikin garin ruwa ne. Ruwan sama da ke sauka kan dausayin tuddan kudancinsa yakan tsiyaya cikin duwatsu shekara da shekaru, ya kwaso sinadarin ƙarfe da iskar da ke sa shi kumfa, sannan ya ɓulɓulo ta idanun ruwan da mutanen wurin ke kira pouhon. Ruwan mai sanyi ne, sai an ɗumama shi kafin wanka.

Tarihi

Tun ƙarni na 16 ake ɗura ruwan Spa a kwalabe ana kai shi ƙasashen maƙwabta. Sunan garin ya ƙara ɗaukaka a 1717, lokacin da Sarkin Rasha, Peter Mai Girma, ya zo shan ruwan don neman lafiya. Har yau babban idon ruwan tsakiyar gari sunansa yake ɗauke da shi. Daga nan sarakuna da attajiran Turai suka yi ta tururuwa, aka gina musu masaukai da gidan caca a 1763. Gobarar 1807 ta cinye babban ɓangare na garin, amma ya sake miƙewa, aka buɗe katafaren gidan wanka a 1868.

Yaƙi ma ya bar sawunsa. A 1918 rundunar Jamus ta kafa babbar hedikwatarta a Spa, kuma daga nan ne Sarki Wilhelm na Biyu ya tsere zuwa Holan ranar 10 ga Nuwamba, sarautarsa ta zo ƙarshe. A Yulin 1920 aka yi taron ƙasashe a garin kan diyyar yaƙin da Jamus za ta biya.

Halin da ake ciki

A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Spa cikin garuruwan ruwan magani 11 na Turai da ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Filin tseren motoci na Spa-Francorchamps, wanda ke 'yan kilomitoci daga garin, yana jawo baƙi duk shekara. Sai dai ruwan ne har yanzu jarin garin, shi ya sa aka keɓe fiye da hekta 13,000 na daji da dausayi, inda aka taƙaita amfani da taki da magungunan feshi. Idan dajin ya gurɓata, ruwan zai bi sahu, kasuwar garin kuma ta mutu.