Tarihin da Ke Ƙarƙashin Garma

Tun kafin alƙalami ya rubuta sunan Bagauda, ƙasar Kano ta riga ta adana nata labarin. A Dutsen Dala an gano matoyar tama da masana suka danganta da ƙarni na 7 Miladiyya. A Durɓi ta Kusheyi, can ƙasar Katsina, tun 1907 aka fara tona tuddan kaburburan manya.

Yammacin Kano ma ya cancanci irin wannan bincike. Tsofaffin garuruwa kamar Getso ta Gwarzo da Godiya ta Kabo na buƙatar a bi kewayensu gona-gona, a ƙidaya kufai, a tattara tsingaro da kashin maƙera, a zana taswira kafin a kafa diga. Kowace damina garma da zaizaya na share wata shaida, kuma tsingaron da ya bar mazauninsa ya daina ba da labari.